Ranar Da Na Wanke Robar Malama Rakiya

Duk wanda ya zo rumfata a bakin dam ɗin Tiga yana so in koya masa sana'ar roba, hannu a aljihu yake zuwa. A ganinsa aikin bai wuce mutum ya sunkuya ya tsinci jarka, ya jefa a inji, ya kai Kano ba. Ku samarin yanzu haka kuke ɗaukar komai. Ni Sule, da ake kira Baba Sule Mai Roba, na haura shekara talatin ina tara roba, ina wankewa, ina niƙawa, amma duk da haka akwai shekarar da saura ƙiris in sayar da inji in rufe rumfar nan, don ban san abin da ke kashe roba ba. Ku nemi wuri ku zauna ku ji yadda aka yi, kafin waninku ya taɓa mini buroshi.

Buhun farko da aka zazzage a gabana, a gidan maigidana Malam Habu ne, a Bebeji. Allah ya jiƙansa. Ya juye buhun a kan siminti ya ce, "Raba." Na duƙa na ware ja da ja, shuɗi da shuɗi, na miƙe ina jiran yabo. Ya dube ni ya ce, "Kai Sule, zare ka zo sayarwa?" Daga nan ya ɗauki guntu ɗaya ya saki a ƙasa, ya ce in saurara. Robar jarka idan ta faɗi sai ka ji dif, kamar an yar da takalmi. Robar kofi da faranti kuwa ƙwal take yi. Wadda kunne ya kasa rabawa sai a jefa ta a gangar ruwa: ta jarka da ta bokiti su taso, ta gorar lemo ta nutse. Wadda ruwa ya kasa sai ashana. Ta jarka ƙamshin kyandir take yi, ta bututu kuwa hayaƙinta ya shaƙe ka har ka yi hawaye, kuma guntunta ɗaya tak ya isa ya ɓata narkin buhu guda. Shekara biyu na yi ina wannan kafin ya bar ni na tsaya kusa da injin niƙa.

Amma abin da ya fi cusa mini shi ne wanki. Malam Habu yana da wani farin ƙyalle a aljihu. Idan ka gama wanke kaya sai ya zaro guntu daga tsakiyar tarin ya goga. Ƙyallen ya sauya launi ko yaya, to ka koma ganga. "Roba mai datti ba ta hawa sikelina," in ji shi, "kuma ba a miƙa wa mutum kaya da ƙazanta." Kayan aikinmu ba su da yawa: adda ta sara manyan jarkoki, wuƙa ta kankare takarda, buroshin waya, soda, gangar jiƙo da gangar ɗauraya, sai tabarmar shanya. Ku dubi tafin hannuna, soda ce ta mai da shi haka. Har yau idan na ga roba da datti hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Da na samu 'yanci sai na dawo Tiga, saboda na lura da abin da 'yan jari-bola na birni ba su lura da shi ba. Kowace damina ruwa yana kwaso robar garuruwa tun daga Doguwa da Tudun Wada ya zube ta a dam. Masunta suna tsinuwa idan ta cika musu raga, ni kuwa ina murna. Robar dam iri biyu ce. Akwai wadda take cikin ruwa, ta yi wani yauƙi kore-kore mai ƙarnin kifi, wanda sai ka jiƙa shi kwana biyu sannan ka yi ta dirza. Akwai kuma wadda ruwa yake bari a gaɓa idan ya janye da rani, ta bushe ta yi fari tas, ɗauraya ɗaya ta ishe ta. Ba sai na gaya muku wadda na fi ƙauna ba.

Babban mai sayen kayana Alhaji Nasidi ne, mai wani ƙaramin kamfani a Kano inda ake narka niƙaƙƙiyar roba a yi buta da bokiti. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan na kai kaya sai ya zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya damƙo na ƙasa ya shinshina. Daga baya ma ya daina zura hannun. Da zarar an ce kayan Tiga ne sai ya ce a shigar.

Sai shekarar da aka yi ruwa mai yawa, rani kuma ya yi tsawo. Dam ya janye nesa, gaɓa ta yi fari fat da roba iya ganinka. Na ce Allah ya kawo sauƙi. Rani guda ina kwasa, buroshina yana rataye har ya yi tsatsa, na yi ta aika kaya mota bayan mota. Bazara na kamawa Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a tsakar kamfani, an jera butoci da aka dawo masa da su daga kasuwa. Ya ɗauki ɗaya ya matsa da hannu ɗaya, ta fashe kamar busasshiyar ƙwarya.

"Baba Sule, mutum ya ɗauki buta zai yi alwala, mariƙin ya rage masa a hannu, ruwan a kan ƙafarsa. Da wane ido zan dubi 'yan kasuwa?"

Na rantse masa ban haɗa da bututu ba. Ya ce ya sani, ya duba. "Robar ce matacciya. Ruwa ya cinye ta. Kada ka ƙara kawo mini kayan ruwa."

Magana ba ta kwana a cikin masu kamfani. Duk ƙofar da na je, da na ce Tiga sai a girgiza kai. Ni ma na yarda da abin da Alhaji ya faɗa. Na ce ruwan ne, kuma wannan yauƙin ne yake ruɓar da roba ta ciki ko da an wanke shi. Damina guda injina bai yi tari ba. Tarin jarkokin da masunta suka kawo mini yana bayan rumfa ban ko kalle shi ba. Na yanke cewa idan rani ya sake zagayowa haka, zan sayar da injin in koma gona.

A ƙarshen daminar ne wani ma'aikacin ruwa ya kawo mini baƙuwa. Malama Rakiya sunanta, 'yar Tudun Wada ce, tana karatu mai zurfi a jami'a a Kano. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce an gaya mata babu wanda ya san roba a bakin dam kamar ni. Rabon da in ji irin wannan magana an daɗe, sai na gyara zama. Ta ce masana sun gano akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna tarewa a kan robar da take yawo a teku, har wasu suna zaton suna cin ta a hankali. Tana so ta san ko akwai irinsu a ruwanmu.

Na ce, "Malama, ruwan nan namu ai ba ya zuwa teku. Haɗeja yake bi ya wuce Chadi."

Ta yi dariya ta ce, "Shi ya sa nake so in duba namu, Baba. Na teku yana da masu duba shi."

Aikin da ta ba ni shi ne in yanka mata sabuwar roba iri-iri, kowane guntu faɗin tafin hannu, mu zuba a kejin waya, mu rataya cikin ruwa wata shida. Na yi mata yanka mai kyau, na kuma haɗa ta da abokina Ɗanlami masunci, mai kwalekwale. Ni a raina na ɗauka halittun nan kamar ƙwaron hatsi ne, huda suke su shige ciki, idan lokaci ya yi za ta fasa robar ta ciro su. Ban tambaya ba. Mutumin da aka ce babu kamarsa ba ya son a ji shi yana tambaya. Duk mako muna shiga ruwa ni da Ɗanlami mu duba igiyoyi, kuma wannan ɗan aikin shi ya riƙe ƙofar rumfata a buɗe.

Da wata shida suka cika, ana gobe za ta zo, na ce da Ɗanlami mu ciro kejin mu rage mata aiki. Muka ɗago na farko. Robar da na yanka fes ta lulluɓe da yauƙi, kauri kamar miyar kuɓewa, har ba ka gane ja da shuɗi. Na ce yau ga abin kunya. Yarinya ta taso tun daga Kano, ta yaba mini a gaban mutane, in miƙa mata wannan? Na kwashe su duka zuwa rumfa, na kaɗa soda a ganga, na sauko da buroshi.

Ɗanlami ya ce, "Anya, Sule? Ta ce ka wanke?"

Na ce, "Kai ka san kifi, ni na san roba. Kama mini ganga."

Tun azahar nake dirza har rana ta yi sanyi. Ban taɓa yi wa Alhaji Nasidi ma wanki irin wannan ba. Lungun da buroshi bai kai ba na bi shi da tsinken wuƙa. Na ɗauraye sau uku, na jera su a tabarma iri-iri, har na goga farin ƙyalle ya fito yadda ya shiga.

Da hantsi ta iso, ɗauke da kula cike da ƙanƙara da wasu ƙananan kwalabe. Muka gaisa, na yaye buhun da na rufe tabarmar da shi ina murmushi. Ta tsaya tana kallo. Ta ɗauki guntu ɗaya ta juya shi, ta ɗauki wani.

"Baba, ina abin da ke jikinsu?"

"Na wanke miki shi tas, Malama. Ko ƙarni ba za ki ji ba."

Ta nemi wani kifaffen bokiti ta zauna. Can ta ce, "Baba, shi na zo ɗauka. Halittun a cikin yauƙin suke. Shi ne gidansu."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce malaminta ya ba ta zuwa farkon damina ta kai sakamako, babu wasu wata shida a gabanta. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba ko a gaban butocin Alhaji. A shekara ɗaya na ɓata kayan mutum biyu da suka amince da hannuna. Na ce a raina, Sule, rumfar nan ta ƙare, kuma kai ka ƙarar da ita. Na ba ta haƙuri, na gaya mata dalilin da ya sa na tsani yauƙin nan, cewa shi ya ruɓar mini da kaya ya kashe mini kasuwa.

Duk da halin da take ciki sai ta ɗago ta ce, "Wa ya ce maka shi ne?"

Na nuna mata tarin bayan rumfa, na ce ga roba nan da yauƙinta, ta ɗiba. Ta ce ba zai yi ba, ya bushe, kuma ba a san tsawon zaman da kowace ta yi a ruwa ba, alhali lissafin lokacin shi ne aikin. A nan ne Ɗanlami, wanda na rufe wa baki jiya, ya yi gyaran murya.

"In tsawon zama a ruwa ake nema, Malama, jarkokinmu fa?"

Kun san masunta suna ɗaura fanko jarka a igiyar raga, ta riƙe ta a saman ruwa, ta kuma zama alama. Jarkar nan ba ta fita daga ruwa sai ta fashe. Kuma masunci yana iya manta shekarunsa, amma ba ya manta ranar da ya ɗaura jarkarsa. Na ce duk wanda ya ba da tsohuwa zan musanya masa da lafiyayya daga tarina. Kwana biyu muka yi a kwalekwale muna bin masunta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce tasa damina uku. Wancan ya ce tasa ranar sunan ɗansa ya ɗaura ta, yaron yanzu ya shiga firamare. Ita tana rubutawa, tana kankaro yauƙin da ɗan ƙarfe a hankali tana zubawa a kwalba, kamar mai ɗibar zuma. Ni an ba ni riƙon kula. Ta ce, "Baba, buroshin yana gida dai ko?" Masunta suka yi ta dariya, har yau wasunsu ba su daina ba. A maimakon robar wata shida, ta samu ta shekara ɗaya har zuwa ta shekara shida.

Wata jarkar Ɗanlami ce ta buɗe mini ido, mai ruwan ɗorawa, da ta shekara huɗu a ruwa. Rabinta na sama da ke kallon rana ya koɗe ya yi fari, tsaf da shi. Rabin ƙasa ya yi baƙi da yauƙi. Malama ta ce in yanko mata guntu daga kowane ɓangare. Da na sa wuƙa a na sama sai ya tsage ya wuce inda na nufa. Na lanƙwasa shi da yatsa biyu, ya karye ƙas, gari yana zuba. Na yanko na ƙasa, na share yauƙin da babban yatsa, sai ga launin ɗorawa kamar jiya aka yi ta. Na lanƙwasa, ya dawo. Na ninke shi biyu, ya dawo. Hannuna ya gane kafin ta yi magana.

Ta ce, "Rana ce, Baba. Ita take gasa roba har ta mutu. Yauƙin nan inuwa yake yi mata. Ko halittun suna cin ta, to a hankali ne ƙwarai, shi nake nema in gani. Amma ba su suka karya maka buta ba."

Na zauna a cikin kwalekwalen ina tuna farar gaɓar nan da na yi rani guda ina kwasa ina godiya. Robar da na fi so saboda ba ta buƙatar wanki, ita ce matacciyar. Wadda na tsana na watsar a bayan rumfa, ita ce mai rai. Malam Habu bai koya mini wannan ba, don shi robar gida yake saye, bai taɓa aiki da ta ruwa ba. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo koyo a wurina, bayan kunne da ganga da ashana, akwai gwaji na huɗu: kowane guntu sai an lanƙwasa shi, kuma farin da ya fi kyau a ido shi ake fara tuhuma.

Malama Rakiya ta kai aikinta a kan lokaci. Bayan wasu makonni ta dawo ta nuna mini hoto a wayarta, wanda aka ɗauka da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Na ga wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, wasu kamar zare, cunkus a kan fatar jarkar Ɗanlami, da 'yan ramuka a ƙarƙashinsu. Na ce to suna ci ke nan? Ta ce ba za ta rantse ba tukuna, sai an ƙara bincike. Na ce ta gaya musu su ci a hankali, akwai masu iyali a sana'ar. Yarinyar nan na ɓata mata aikin wata shida, ita kuwa ta mayar mini da sana'ata. Ba ni da abin da zan biya ta, sai addu'a, kuma ina yi mata. Ɗanlami ma na gode masa, ko da yake ban faɗa masa a gaban mutane ba, kada kansa ya kumbura.

Saura Alhaji Nasidi. Na baje tarin bayan rumfa, na bi shi guntu-guntu ina lanƙwasawa. Duk jarkar da ke da ɓangaren da rana ta ci, na sare shi da adda na yar. Mako uku ina jiƙo ina dirza, sannan na zuba wa inji mai, ya yi gardama ya gaji ya tashi. Abin da ya fito buhu biyu ne kacal. Na ɗora su a motar haya na bi su Kano.

Alhaji yana ganina ya ce, "Baba Sule, ba mun gama magana ba?"

Na ce, "Mun gama, Alhaji. Buta ɗaya nake roƙo a zuba da kayan nan. In ta fashe, ba za ka ƙara ganin ƙafata a ƙofar nan ba."

Ya zura hannu a buhun har gwiwar hannu, ya damƙo ya shinshina. Ya kira mai injinsa ya ce a share injin a zuba wannan shi kaɗai. Na zauna a kan benci ina jira. Da butocin suka fito suka huce, ya zaɓi ɗaya da kansa, ya matsa ta da hannu biyu. Ta lotsa ta dawo. Ya cika ta da ruwa, ya ɗaga ta sama da kansa ya saki a kan siminti. Ruwa ya fantsama har rigata, butar ta yi tsalle ta gangara gindin bango. Ya bi ta ya taka mariƙin da takalmi, ya ɗauko ya juya ta gaba da baya yana neman tsaga.

"Buhu nawa ne a rumfar?"

"Biyu ne, Alhaji. Su ne a gabanka."

"To zaman me kake yi a nan? Tashi ka koma Tiga."

Ko rigar ban tsaya ta bushe ba, na nufi tasha.